Malaman Gidaje: Tarihin Wata Ƙaramar Ƙungiya a Jami'o'in Amurka

A shekarar 1965 wasu malaman jami'a a Amurka, mafi yawansu mata, suka kafa ƙungiyar da suka sa wa suna American Association of Housing Educators, ana taƙaita sunan da AAHE. Ba masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai ba ne. Waɗancan suna da tasu ƙungiyar mai suna ACUHO, wadda ta girme wa wannan, ta kuma fi ta jama'a nesa ba kusa ba. Waɗannan malaman aji ne, da masu bincike, da masu zagaya ƙauyuka suna wayar da kan mutane. Abin da suke koyarwa shi ne gidan da iyali ke kwana su tashi a ciki: ɗaki nawa ne, wa ke kwana a wanne, nawa gidan ke ci a cikin albashi, ina ruwa yake, ta ina hayaƙi ke fita, kuma me ke sa wani iyali ya tattara ya tashi, wani kuwa ya daure ya zauna.

Sun buƙaci ƙungiya ne domin darasin nasu ba shi da sashen kansa a jami'a. Mai zanen gini yana da tsangayarsa, injiniya yana da tasa, haka ma masanin tattalin arziki, kowanne kuma yakan taɓa maganar gida ta gefen da ya shafe shi ya wuce. Wanda ke kallon gida da idon matar da ke girki a cikinsa, ko da idon tsohon da ƙafarsa ta daina hawa bene, agola ne a duk sashen da aka ajiye shi: ana ba shi ofis da allo, amma in an zo lissafin 'yan gida ba a fara da shi. Sau da yawa a jami'a guda ba a samun irin waɗannan malamai fiye da biyu ko uku. In mutum yana neman wanda zai karanta takardarsa ya gane inda ta dosa, sai ya tsallaka wata jiha.

Tushen darasin ya girme wa ƙungiyar da shekara ɗari. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar Morrill, wadda ta ba kowace jiha eka 30,000 na filin gwamnatin tarayya a kan kowane wakili da take da shi a majalisa, ta sayar ta kafa kwalejin noma da sana'o'in hannu. Yawancin filayen nan daga hannun 'yan asalin ƙasar aka karɓe su, maganar da jami'o'in suka daɗe ba sa son a tayar. A 1887 aka ƙara wa kwalejojin tashoshin gwajin noma. A 1890 aka yi doka ta biyu wadda ta haifar da kwalejojin baƙar fata a jihohin kudu, inda wariya ta hana su shiga na farkon. Sannan a 1914 dokar Smith-Lever ta kafa aikin malaman gona. Daga nan tsarin ya tsaya a kan abu uku: aji, tashar gwaji, da malamin da zai ɗauki abin da aka gano ya kai wa manomi har gonarsa. Wanda ya san Samaru ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin a shekarun 1960 Jami'ar Jihar Kansas, ɗaya daga cikin waɗannan jami'o'i, ta turo malamanta Zariya suka taimaka wajen gina tsangayar noma da ta likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello.

Manoman da suka tura 'ya'yansu maza koyon noma sun tura mata ma, sai aka shiga neman abin da za a koya musu. Tun a shekarun 1870 kwalejojin Iowa da Kansas suka fara darasin girki da ɗinki da kula da gida. Wadda ta ɗaga abin ya zama kimiyya ita ce Ellen Swallow Richards, masaniyar sinadarai, mace ta farko da aka ɗauka karatu a MIT, wadda ta yi suna wajen gwajin tsabtar ruwan sha a jihar Massachusetts. Tarukan da ta jagoranta a Lake Placid daga 1899 su ne suka haifar da ƙungiyar ilimin tattalin gida ta Amurka a 1909. Tun kafin nan, a 1905, ta riga ta fitar da littafi a kan tsadar wurin zama mai suna The Cost of Shelter. Ke nan maganar gida tana cikin fannin tun ranar da aka raɗa masa suna, sai dai abinci da tufafi sun danne ta.

Kuɗi ne ya mai da sha'awa bincike. Dokar Purnell ta 1925 ta halatta wa tashoshin gwaji su kashe kuɗin tarayya a kan rayuwar iyalin karkara, bayan da can masara da shanu da takin zamani ne kawai ake ɗauka abin bincike. A Oregon wata malama mai suna Maud Wilson ta raba wa matan manoma takardu, kowace ta rubuta abin da ta yi da lokacinta har tsawon mako guda. Sakamakon da ta buga a 1929 ya nuna matar manomi tana aiki sama da awa 60 a mako, tsakanin girki, wanki, reno, kiwon kaji da aikin madara, kuma kaso mafi tsoka yana ƙarewa ne a kicin. Sai Wilson ta bi aikin zuwa inda ake yin sa. Ita da abokiyar aikinta Evelyn Roberts ta jihar Washington suka riƙa auna mata: tsayinsu, nisan gwiwar hannunsu daga ƙasa, iyakar inda hannu ke kaiwa in an miƙa shi sama. Da waɗannan awo suka fitar da tsayin da ya dace da wurin wanke-wanke, da teburin murza fulawa, da allon guga, suka buga a 1937.

Wani zai yi dariya ya ce ashe malamar jami'a guda gwiwar hannu take awo. Ni kuwa a ganina nan ne fannin ya sami abin da ya bambanta shi da sauran. Kafin lokacin, kafinta ne ke yanke tsayin teburin kicin bisa abin da ya saba, shi kuma ba ya tsayawa a gabansa awa uku kullum yana sunkuye. Da aka tambayi matan abin da suke so a gidan gona, amsoshinsu ba su yi kama da zanen da ake kwafowa daga birni ba. Suna son wurin da maza za su wanke hannu su cire takalmin taɓo kafin su shigo musu kicin, da taga mai kallon hanya da filin da yara ke wasa, da ma'ajiyar kwalaben abincin da ake adanawa saboda hunturu. Al'adar fara tambayar mai zama a gida kafin a ja layi a takarda daga nan ta samo asali, kuma ita ce gadon da AAHE ta tarar.

Halin gidajen da kansa ya isa hujja. A 1935, lokacin da aka kafa hukumar kai lantarki karkara, gona ɗaya ce cikin goma ke da wuta. Ƙidayar gidaje ta farko da aka yi a 1940 ta gano kusan kashi 45 cikin ɗari na gidajen Amurka ba su da cikakken tsarin ruwa, wato famfon ruwan zafi da na sanyi, banɗaki mai ruwa, da wurin wanka. Wannan ƙasar da muke gani a fim ce, shekaru kaɗan kafin ta zama mai faɗa a ji a duniya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya juya da sauri. Sojoji suka dawo suka yi aure, dokar tallafa musu ta 1944 ta sauƙaƙa musu bashin sayen gida, 'yan kwangila irin su Levitt suka riƙa gina unguwanni sukutum, har gida sama da 17,000 a wuri ɗaya a wajen birnin New York daga 1947. Dokar gidaje ta 1949 ta ɗora wa ƙasa burin samar wa kowane iyali gida na mutunci, ta kuma ware sashe domin gidajen manoma. Masu zama a gidan kansu suka tashi daga kusan kashi 44 cikin ɗari a 1940 zuwa kusan 62 a 1960. Jami'o'i ma ba su zauna ba. Jami'ar Illinois ta kafa cibiyar nazarin ƙananan gidaje a 1944, kuma daga can ne aka yaɗa ƙa'idar nan ta kusurwa uku, wadda ke auna tazarar da mai girki ke takawa tsakanin murhu, firji da wurin wanke-wanke. Ma'aikatar noma ta tarayya ta tsara kicin mai rage zirga-zirga ta yi masa fim. A Cornell, Glenn Beyer ya jagoranci cibiyar binciken gidaje, ya kuma fitar da littafinsa Housing and Society a 1965, shekarar da aka kafa ƙungiyar.

Malaman da ke koyar da darasin sun daɗe suna haɗuwa jefi-jefi domin su gyara manhaja su yi musayar kayan koyarwa. A babban taron ilimin tattalin gida kuwa, masu abinci da masu tufafi da masu tarbiyyar yara ne ke cika zaure, na gidaje su sami ɗan lokaci a gefe. Kafa AAHE ya ba su taron shekara-shekara nasu na kansu, wanda ake kewayawa da shi jiha-jiha, da shugabanni zaɓaɓɓu, da wasiƙar labarai. Cikin dattawan da aka gina ƙungiyar a kan aikinsu akwai Tessie Agan ta Jami'ar Jihar Kansas, wadda littafinta The House ya fito tun 1939 aka yi ta sabunta shi, ɗalibai da yawa kuma da shi suka fara sanin fannin. Ƙungiyar ta sa sunanta a kan kyautar da take ba ɗalibin da ya fi rubuta takardar bincike mai kyau.

Sai dai an haifi ƙungiyar a daidai lokacin da matsalar gidaje ta bar karkara ta koma birni. A watan Agusta na 1965 unguwar Watts ta Los Angeles ta kama da wuta, baƙar fata suka yi bore a kan 'yan sanda da ƙuncin rayuwa. Wata guda bayan haka Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kafa ma'aikatar gidaje da raya birane, aka ba Robert Weaver ita a 1966, ya zama baƙar fata na farko da ya shiga majalisar ministocin Amurka. A 1968, mako guda bayan kashe Martin Luther King, aka zartar da dokar hana wariya wajen sayar da gida ko ba da haya. Tambayoyin da aka koma yi a lokacin su ne wa banki ke hana wa bashi, wace unguwa aka ja wa jan layi a taswira, me ya sa dogayen benayen gwamnati irin na Pruitt-Igoe a St. Louis suka lalace har aka fara rushe su a 1972. Malamar da ta ƙware a awon kicin ɗin gidan gona ba ta da amsar waɗannan a aljihu. Da ƙungiyar ta tsaya inda ta gada, da ta tsufa tun tana jaririya. Abin da ya cece ta shi ne ta buɗe ƙofa ga masana zamantakewa, da masu tsara birane, da masana tattalin arzikin iyali, ta bar su suka canza mata tambayoyi.

Alamar wannan sauyi tana cikin mujallarta. An fara buga ta a 1974 da sunan Housing Educators Journal, a 1978 ta koma Housing and Society. Mujallar da takwarorin aiki ke tantance takardunta ba ƙawa ba ce a jami'ar Amurka. Da ita ake samun ƙarin girma da tabbatar da kujera. Kafin a same ta, malamin gidaje sai ya yi wa bincikensa kwaskwarima ya yi kama da na zamantakewa ko na tattalin arziki kafin wata mujalla ta karɓa.

A wannan tsakanin ne kuma fannin ya sami ka'idar da zai ce tasa ce. Earl Morris da Mary Winter, malamai a Jami'ar Jihar Iowa, sun buga wata maƙala a 1975 a kan yadda iyali ke daidaita zamansa da gidansa, suka faɗaɗa ta ta zama littafi a 1978 mai suna Housing, Family, and Society. Abin da suka ce shi ne kowace al'umma tana da mizanin da take auna gida da shi, kuma iyali ba ya auna gidansa da abin da likita ko injiniya ya ce ya isa, da wannan mizanin yake aunawa. A Amurka mizanin ya ƙunshi a mallaki gida maimakon haya, gidan ya tsaya shi kaɗai da ɗan filinsa, iyaye su sami ɗakinsu, yara maza da mata su rabu da sun tasa, kada a wuce mutum biyu a ɗaki, unguwa ta kasance mai kyau, kuɗin kuma kada ya fi ƙarfin abin da ake samu. In gidan ya gaza mizanin, an sami giɓi. Giɓin da iyali ya damu da shi yakan haifar da rashin gamsuwa, rashin gamsuwa kuma ya tura su ga ɗayan biyu: su tashi, ko su gyara su ƙara ɗaki.

Inda ka'idar ta fi armashi shi ne abin da ke faruwa in hanyoyin biyu sun toshe. Talauci, ko tsadar kasuwa, ko wariyar launin fata na iya hana iyali tashi, su kuma hana shi gini. A nan sai iyalin ya gyara kansa tunda ya kasa gyara gidan: a jinkirta haihuwa, a tura babban yaro wajen dangi, ko a sassauta mizanin a ce ai wannan ma ya isa. Saboda haka in ka tambayi talaka ya ce maka ya gamsu da gidansa, ba lallai gidan ne mai kyau ba. Mai yiwuwa ya gaji da so ne. Wannan gargaɗi ne babba ga duk mai yawo da takardar tambayoyi yana ƙirga waɗanda suka ce sun gamsu.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin namu mizanin a bayyane yake ko da ba a rubuta shi ba. Kowace mace da ɗakinta, maigida da turakarsa, baƙo namiji iyakarsa zaure, yaro in ya kai munzali ya bar ɗakin uwarsa. Magidancin da ya ƙara aure ya ja ɗaki a tsakar gida ya bi hanyar gyara. Wanda ke haya a ɗaki ciki da falo a birni, babu filin ja babu kuɗin tashi, sai ya tura samarin gidan su kwana a shago, ya bi hanya ta uku ke nan. Misalin yana kuma nuna inda masu suka suka kama Morris da Winter. Jerin da suka kawo na Amurka ya fi kama da burin farar fata mai matsakaicin hali, kuma in aka ɗauke shi ma'aunin kowa, to dangin da suka zaɓi zama tare kaka da jikoki za a rubuta su cikin masu giɓi alhali ba su ce suna da shi ba. Duk da haka, ɗimbin kundayen digiri da maƙalun mujallar a kan wannan ka'ida aka gina su, ko ana gwada ta ko ana gardama da ita.

Sauran aikin shekarun 1970 da 1980 yanayi ne ya riƙa kawo shi. Takunkumin man fetur na 1973 ya sa kuɗin ɗumama gida ya yi tashin gwauron zabi, sai membobin da ke aikin wayar da kai suka shiga koya wa mutane toshe kafofin iska da lulluɓe rufi da bango, masu bincike kuma suka riƙa tambayar ko iyalai za su yarda su zauna a gidan da rana ke ɗumamawa ko wanda aka tura rabinsa cikin ƙasa. Akwai kuma gidan tirela, wanda ake ƙerawa a masana'anta a jawo shi da mota. A farkon shekarun 1970 ana fitar da sama da rabin miliyan a shekara, a 1976 kuma ƙa'idar tarayya ta ingancinsa ta fara aiki. Masu zanen gini sun raina shi, 'yan birni suna yi wa mazaunansa kallon ƙasƙanci, amma shi ne gidan da ma'aikacin karkara ke iya saya. Malaman AAHE na cikin 'yan kaɗan da suka ɗauke shi da muhimmanci, suka bincika ingancinsa, da irin bashin da ake sayen sa da shi, da dokokin ƙananan hukumomi masu korar sa bayan gari. A nan tsohuwar alaƙarsu da karkara, wadda ta zame musu rauni a 1965, ta yi musu rana.

Daga baya hankali ya koma kan tsofaffi da lafiya. Yadda mutum zai tsufa a gidansa ba tare da an kai shi gidan kula da tsofaffi ba ya zama babban jigo, ya kuma haɗu da tunanin Ron Mace, mai zanen gini da shan inna ya ɗora a keken guragu, wanda ya yi ta kira a tsara gida yadda kowa zai iya amfani da shi tun farko: ƙofa mai faɗi, mashiga marar matakala, mariƙi a banɗaki. Awon gwiwar hannu na Maud Wilson ne ya dawo, amma a kan wasu mutanen daban. Ta fuskar lafiya kuwa, an haramta fentin gida mai dalma a 1978, amma tsofaffin gidaje na nan cike da shi, yara na shaƙar ƙurarsa. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san ba ƙaramar guba ba ce. A 1984 aka gano wani gida a Pennsylvania cike da iskar radon, wadda ke fitowa daga ƙasa ba launi ba wari, kuma ita ce ta biyu bayan taba wajen jawo sankarar huhu. Gwajin radon, da maganin fumfuna, da hayaƙin murhu duk suka shiga jakar malamin gidaje. Bayan guguwar Katrina ta 2005, irin waɗannan malamai a Louisiana ne suka riƙa koya wa mutane yadda za su busar da gidan da ruwa ya ci su sake gina shi ya jure wata ambaliyar.

Yayin da aikin ke faɗaɗa, ƙasar da ƙungiyar ke tsaye a kai tana zaizayewa. Ilimin tattalin gida ya shiga tsaka mai wuya tun daga shekarun 1960. Masu fafutukar 'yancin mata suka zarge shi da horar da 'yan mata zaman kicin. A wani taron ƙungiyar ilimin tattalin gida a farkon shekarun 1970, ɗaya daga cikinsu, Robin Morgan, wadda aka gayyata ta yi jawabi, ta fito fili ta kira masu sauraronta abokan gaba. Zargin yana da ƙamshin gaskiya in aka dubi abin da ake koyarwa a sakandare, amma bai yi wa irin su Richards da Wilson adalci ba, domin wannan fanni ne kusan kaɗai ƙofar da mace ke zama farfesar kimiyya ta cikinta a zamanin da sauran tsangayoyi suka rufe mata. Ko ma dai yaya ne, jami'o'i suka fara gudun sunan. Cornell ta sauya wa kwalejinta suna a 1969, wasu suka bi, a 1994 ƙungiyar ilimin tattalin gida da kanta ta koma ta kimiyyar iyali da masu saye. Da aka shiga haɗe sassa saboda tsimin kuɗi, ƙaramin shiri irin na gidaje shi ake fara taɓawa: malama ta yi ritaya, ba a ɗauki wata ba, darasin ya mutu shiru. A gefe guda kuma ga kishiyoyi sun taso. Mujallar Housing Studies ta fara fita a Birtaniya a 1986, aka kafa ƙungiyar masu binciken gidaje ta Turai a 1988, Housing Policy Debate ta fito a Amurka a 1990, kuma manyan masana siyasar gidaje can suka fi kai hajarsu.

A farkon shekarun 2000 ƙungiyar ta sauya suna zuwa Housing Education and Research Association, wato HERA. An shigar da bincike cikin sunan, an cire Amurka. Dalilin a fili yake: membobin ba malaman aji kaɗai ba ne yanzu, kuma masana daga waje, musamman Koriya ta Kudu, sun yawaita a taruka da shafukan mujallar. A 2006 ta fitar da littafin koyarwa nata na kanta, Introduction to Housing, wanda membobi suka rubuta babi-babi. Littafin bai daɗe da fita ba kasuwar bashin gidaje ta rufta. Miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, masu zama a gidan kansu suka sauko daga kashi 69 cikin ɗari a 2004 zuwa wajen 63 a 2016. Mizanin mallakar gida da Morris da Winter suka bayyana shi ne dillalan bashi suka yi amfani da shi suka cusa wa mutane bashin da ba za su iya biya ba, ya kuma zama dole fannin ya tambayi kansa ko darussan shirin sayen gida da membobinsa suka daɗe suna bayarwa sun gargaɗi mutane yadda ya kamata. Bugu na biyu na littafin, wanda maɗaba'ar Jami'ar Jojiya ta fitar a 2018, an rubuta shi ne bayan an ga wannan ɓarna.

HERA ba ta taɓa zama ƙungiya mai dubban membobi ba, kuma malamai ne ke tafiyar da ita a kan aikinsu na yau da kullum. Mujallarta ta koma hannun kamfanin Taylor & Francis, ta kai kundi na 50 a 2023. Shirye-shiryen karatun da suka rayu a jami'o'i kuwa, da yawansu sun rayu ne ta hanyar jingina da sana'ar da ke ɗaukar ma'aikata. A Virginia Tech akwai shirin koyon kula da rukunin gidajen haya da cibiyar tsara kicin. A Jami'ar Jojiya darasin gidaje yana sashe ɗaya da tsara dukiyar iyali. Kamfanonin gidajen haya suna ba da tallafin karatu, suna kuma jiran ɗalibai a bakin ƙofa ranar yaye su. Wannan ya cika azuzuwa, ya kuma ba shugabannin jami'a dalilin barin shirin da rai. Amma ɗalibin da aka koya masa cewa iyalin da haya ke cinye masa fiye da kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu yana cikin matsi, shi ne gobe za a ɗauka aiki a ofishin da ke yanke ƙarin kuɗin hayar, kuma kusan rabin masu haya a Amurka sun riga sun haye wannan layi.